Geron da Baba Ya Ba Shanu

Baba ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, cikin zafin bazara, ruwan farko bai sauka ba. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Tsoho ne, ya ga jikoki har da tattaɓa-kunne, don haka ba a yi kururuwa a gidanmu ba. Kuka aka yi na hankali, kowa ya share hawayensa ya tashi ya shimfiɗa wa baƙi tabarma.

Masu gaisuwa kowa da abin da ya tuna. Liman ya ce bai taɓa rigan Baba shiga masallaci da asuba ba. Mahauci ya ce Baba ne kaɗai a garin nan ke cewa an auna masa nama ya yi yawa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ba ta iya haɗiye magana ko a gidan mutuwa, ta zauna ta gyara zane ta ce, "Allah shi jiƙan shi, amma dai an yi mai taurin kai." Mata suka yi tsit. Sai muka ji muryar Inna, mahaifiyarmu, daga ƙuryar ɗakin takaba: "Hwaɗi ki ƙara." Dariya ta ƙwace wa kowa, har da masu hawaye.

Ran addu'ar uku ne garin ya ga abin da bai zata ba. Tun da safe makiyaya suka fara sauka ƙofar gidanmu, wasu bisa babur, wasu bisa jakuna, matansu da ƙoren nono a ka. Daga ƙasar Mayahi suka fito, wasu ma daga can wajen Isawan. Akwai samari cikinsu da ba su taɓa ganin fuskar Baba ba, suna tambayar yara ko nan ne gidan mai faɗin hanya. Tabarmi suka ƙare, aka aro na masallaci, su ma suka ƙare. Amaryar ɗan yayana, wadda ba ta daɗe da zuwa gidan ba, ta leƙa waje ta dawo tana tambaya ko muna da dangi a ruga. Inna ta ce mata, "Babu. Sun zo gaisuwar wanda yab ba shanunsu abincin ɗiyana."

Yarinyar ba ta gane ba, na kuma lura jikokin ma ba su gane ba. Su abin da suka sani, wani tsoho ne mai carbi da ke zaune gindin itacen bedi yana korar kaji daga shanya. Wannan ne ya sa na zauna rubuta abin da na gani da idona, don kada a binne shi tare da mai shi.

Baba ba mai yawan magana ba ne. In ka ba shi labari mai tsawo, ka gama, sai ya ce, "To, madalla," ya ci gaba da tufkar igiyarsa. Amma akwai kalma guda da muka ji a bakinsa har ta ishe mu: "Ba namu ba ne." Kazar maƙwabta ta shigo ta yi ƙwai bayan rumbunmu, sai an kwashe an mayar. Zabuwa ta yi ƙwai cikin gonarmu, zabuwar da ita kanta ba ta san mai ita ba, sai Baba ya zuba ƙwan cikin hula ya bi gida gida yana cigiya. Muna yara mun sha kallon ƙwai na fita gidanmu muna haɗiyar miyau. Inna takan ce da Baba zai tsinci barci a hanya, sai ya nemi mai shi kafin ya runtsa.

Da su biyun kullum cikin faɗa suke, faɗan da ba ya kai ko'ina. Shi ya ce miya ta yi gishiri, ita ta ce bakinsa ne ya tsufa. Ita mai zafi ce, mai dabara, ta san inda ake ɓoye tsaba don ranar wuya. Shi kuwa in ya tsaya kan abu, gara ka je ka lallashi kututture. Ni na biyo Inna, kuma ban taɓa ɓoye hakan ba.

Gonarmu tana arewa da gari, a ƙasar Maijirgi, jikin burtali, wato hanyar da aka bar wa dabbobi tun kakanni, su haura arewa da damina su gangaro da kaka. Gona ce ta yashi, ta gaji, an noma ta har ta daina jin kunyar mai ita. Burtalin kuwa baƙi ƙirin yake da kashin shanu na shekara da shekaru. Tsakaninsu akwai layin gamba da kakanmu ya dasa, shi ne iyaka.

Kowa ya san abin da ake yi da burtali. Bana ka ƙara sahu ɗaya na shuka, baɗi ka ƙara wani, gambar iyaka ta ɓace ba a san wanda ya tuge ta ba. Haka maƙwabtanmu na kudu da na arewa suka yi, har hanyar ta tsuke, shanu na wucewa a matse ana dukansu hagu da dama. Wurinmu kaɗai ta rage da faɗinta na da. In garke ya iso nan sai ya baje, shanu su kwanta su yi tuƙa, makiyaya su ajiye sanda su sha fura. Mutanen gari suka sa wa wurin suna zauren shanu, suna tambayar Baba ko zai sa musu tabarma. Shi dai sai ya ce, "To, madalla."

Shekarar da nake son faɗi, ni ba yarinya ba ce. Mijina ya rasu, na dawo gida da 'ya'ya biyu, na ƙara baki kan bakunan da ke akwai. Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba, rumbu ya nuna gindinsa tun sanyi bai fita ba. Yaya, babban wanmu, ya tafi biɗa, wato ci-rani, ya dawo da ciwon ƙafa da jaka wayam. Aka sayar da awaki ɗaya bayan ɗaya. Iri kaɗai ya rage, wanda Inna ta zuba cikin tulu ta liƙe bakinsa da laka, ta ce duk wanda ya taɓa shi ita da shi ne.

Da ruwan shuka ya sauka, Baba na kwance da zazzaɓi, ko zama ba ya iyawa. Ni da Yaya muka fita da sassafe, shi da sungumi yana sara, ni ina binsa ina zuba iri ina rufewa da diddige. Muka yi gonar har muka iso layin gamba. Yaya ya tsaya, ya dubi baƙar ƙasar nan da ruwa ya jiƙa, ya dube ni.

Ya ce, "Iri ya rage?"

Na ce, "Ya rage."

Sai ya tsallaka gambar ya ci gaba da sara. Na bi bayansa. Muka shuka wuri mai faɗi, kusan rabin zauren shanun. Da muka dawo gida Inna ta dubi ƙoryar irin, ta dubi ƙafafunmu da baƙar laka, ta gane. Ta miƙo mana ruwa ba ta yi tambaya ba.

Sai da shuka ta tsiro Baba ya iya takawa zuwa gona. Ya daɗe can. Da ya dawo ya zauna bakin ƙofa, ya sa aka kira Yaya.

"Wa yab ba ka wurin can?"

Yaya ya ce, "Baba, wa yab ba su ƙanenka Baba Ƙarami nasu? Kowa ya ci, mu kaɗai munka zauna muna gadin kashin shanu."

"Ba su nit tambaye ka ba. Kai nit tambaya."

"Yunwa ta ba ni."

Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta ce, "Malam, ka bar yaron ga. Ka dubi ɗiyan ga, ka dubi wuyansu. Shanu ba su da bakin kai ƙara."

Baba ya ce, "Suna da Mai su." Sannan ya ce, "Abin da Allah yat tsirar ba ni tuge shi. Amma ku ji da kyau, ƙwara guda ta geron can ba ta shiga rumbuna, ba ta shiga tukunyar gidan ga."

Mu dai muka ce a ranmu lokaci na nan. Yanzu ganye ne, magana ba ta da wuya. Bari ya yi kai, bari ƙanshin tumu ya bugi hancin tsoho, mu ga inda taurin kan zai tsaya. Garkuna suka haura arewa geron bai wuce tafin hannu ba, makiyaya suka matse dabbobinsu gefe suka wuce, kamar yadda suka saba yi ko'ina.

Tsakiyar daminar nan ba na son tuna ta. Tafasa muke tsinkowa mu dafa da ɗan ƙuli, wata rana dusa, wata rana ruwan zafi da kanwa don yara su ga hayaƙi na tashi su yi haƙuri. Baba da Yaya suna zuwa noman gonakin masu hali, a sallame su da 'yar tiyar hatsi da yamma, tamu gonar kuma ciyawa na cinye ta. Ƙaramar 'yata ta rame, gashinta ya yi ja, ta daina kuka ma. Na goya ta zuwa likita a Tasawa, aka ce tamowa ce, aka ba ni abin da za a ba ni, aka ce in riƙa ba ta abinci mai kyau.

Sannan ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fidda kai. Na gonarmu ya tsaya iya ƙugu, zangarniya kamar yatsa, tsutsa kuma ta bi ta kan wanda ya yi ƙoƙari. Na burtali kuwa, Allah mai iko, ya fi mutum tsawo, kore shar, kawuna manya suna sunkuyawa. Duk mai wucewa sai ya tsaya ya duba. Da ido muka auna shi, muka ga zai kai mu sanyi, watakila har ya wuce.

Baba Ƙarami, ƙanen Baba, ya zo har gida ya zauna ya yi masa magana ta hankali. Ya ce ya tambayi malamai, sun ce lalura na halatta abin da aka hana, wanda zai mutu da yunwa ko mushe ya samu ya ci. Ya ce ƙasa ta Allah ce, ba ta shanu ba. Baba ya saurare shi har ya gama. Ya ce shi ma ya zauna gaban malamai, ya ji cewa duk wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasar da ba tasa ba, za a rataya masa ita a wuya ranar tsayuwa. "Malamin naka ya ce shi za ya ɗaukar mini ita?" Baba Ƙarami ya kaɗe rigarsa ya tashi. A bakin ƙofa ya juyo ya ce wa wan nasa, "Yaya, in jikarka ta mutu, ita ma a wuyanka za a rataya ta." Na ga maganar ta shige shi. Ranar bai taɓa ɗan abin da aka ajiye masa ba.

Geron ya nuna. Yaya ya ce jibi zai yanka, ko Baba ya so ko ya ƙi, in ya so ya dafa a gidan Baba Ƙarami. Ba a kai jibin ba. Washegari da hantsi muka ji kukan shanu daga arewa. Ciyawa ta ƙone can, makiyaya sun gangaro tun ba a yi girbi an saki gonaki ba. Muka fita da gudu, ni da Inna da Yaya, da rabin garin a bayanmu, don kowa na da abin da yake tsoro a bakin hanyar nan.

Garke ne babba na wani dattijo da muka sani da gani, wanda daga baya muka riƙa kira Kawun ruga. Shanun sun rame, ana ƙirga haƙarƙarinsu, maruƙa na tangaɗi. Sun biyo matsatsiyar hanyar nan, samari na ta duka da ihu don kada wata ta kai baki gonar mutane, suna sa rai su iso wurinmu su huta. Suka iso suka tarar da gero tsaye. Dattijon ya dogara da sandarsa yana kallo. Baba kuwa mun tarar ya riga mu, yana tsaye kan layin gamba shi kaɗai.

Baba ya ce masa, "Sannunku da hanya. Ku sake su su shiga."

Dattijon ya ce, "Su shiga ina, Malam?"

"Nan. Hanyarku ce."

Dattijon ya yi murmushin da ba na daɗi ba. Ya ce, "Malam, mun san wannan. Yau a ce mu shiga, gobe a kira mu gaban maigari, a ƙirga kara a ƙirga zangarniya, in sai da saniya in biya. Bar mu mu matse mu wuce, mun saba."

Baba ya juyo wajen jama'a. Ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba, ko kafin ranar ko bayanta. Ya ce, "Jama'a, ku shaida! Daga gambar ga zuwa can ba gonata ba ce. Abin da ke ciki ba nawa ba ne. Ni nis sa su, ba su sunka shiga ba!"

Duk da haka makiyayan ba su motsa ba. Sai Baba ya tsallaka, ya karya zangarniya guda, mafi girma, ya nufi wata farar saniya mai dogayen ƙaho da ke gaban garken, ya miƙa mata. Ta shinshina ta kama. Ya karyo wata, ya riƙa ja da baya yana nuna mata, tana binsa, har kara ya rufe su. Sauran suka ga ta shiga, suka kwarara a bayanta.

Ƙarar karan nan yana karyewa, har yau tana kunnena. Yaya ya zabura, Baba Ƙarami da wasu maza suka riƙe shi yana fizge-fizge yana kuka kamar yaro. Inna ta zauna daɓas a ƙasa. Ba ta yi ihu ba, ta dai ce, "Malam, ɗiyanka ka ba shanu." Ni ina tsaye da 'yata a baya, ina jin nauyinta da bai kai nauyi ba, ina kallon dabba na cin abin da na zuba da hannuna. Na ji haushin Baba ranar, haushin da ban taɓa ji wa wani mahaluki ba. Ko yanzu da na san ƙarshen labarin, in na tuna kawunan geron nan sai raina ya sosu.

Kafin azahar wurin ya koma fili. Dattijon bai yi godiya ba. Ya daɗe yana kallon Baba, ya dubi Inna a ƙasa, ya dubi goyona, sannan ya kaɗa shanunsa suka yi kudu.

Ran kasuwar da ta biyo Yaya ya hau mota ya tsallaka Najeriya, ko sallama bai yi wa Baba ba. Inna ta ɗauke wa Baba magana. Takan ajiye masa kwano ta juya, in ya ce miya ta yi gishiri ba ta tankawa, kuma wannan ya fi komai damunsa. Abin da muka girba a gonarmu amalanken jaki ɗaya ya kwashe shi bai cika ba. A gari kuwa an samu abin hira. Wasu suka ce zazzaɓin nan ya taɓa masa kai.

Bayan an saki gonaki, sanyi ya fara shigowa, wata safiya yara suka zo da gudu suka ce Fulani sun sauka gonarmu. Baba ya tafi, na bi shi. Dattijon nan ne, ya kafa bukkoki tsakiyar gona, an kakkafa turaku, shanu kwance. A al'ada, in manomi na son makiyayi ya zaunar masa da garke don taki, shi ke zuwa roƙo, ya ba da dammunan hatsi, kuma masu hali ke samu. Baba ya gaishe shi ya ce, "Kun yi ɓatan kai. Ni ba ni da damen da zan ba ku."

Dattijon ya ce, "Shanun sun riga sun ci ladarsu, Malam. Aiki sunka zo yi."

Washegari matarsa ta yi sallama gidanmu da ƙwaryar nono. Inna ta dube ta sama da ƙasa ta ce ba ta saye. Matar ta ce ba na sayarwa ba ne. Inna ta ce ba ta karɓar sadakar wanda ya cinye ta. Matar ta ajiye ƙwaryar ta yi tafiyarta. Inna ta zagaya ƙwaryar nan, ta koma ɗaki, ta fito, ta sake zagayawa, sannan ta ce, "To ai geronmu ne yad dawo hwari. Miƙo ludayi." Aka fara da 'yata. Haka nonon nan ya riƙa zuwa kowace safiya har ƙarshen rani, kuma a kansa yarinyar ta tashi. Yau tana ɗakin mijinta da 'ya'yanta, ta fi ni jiki.

Kada a ce daga nan wahala ta ƙare. Ranin nan mun sha shi. Baba ya sayar da jakinsa, ya zauna tufkar igiya da saƙar tabarma yana kaiwa kasuwa a ka. Ni da Inna muka shiga surfe da daka a gidajen mutane. Amma kowane 'yan kwanaki makiyayan sai su tuge turakun su matsa gaba, su tuge su matsa gaba, har suka bi gonar nan kusurwa kusurwa. Yashin da muka sani fari ya koma baƙi.

Da damina ta zo, mu uku muka yi shuka, Baba na sara, ni da Inna muna binsa. A bakin gamba ya tsaya, mu ma muka tsaya. Allah kuma ya ba da ruwa daidai. Abin da gonar nan ta yi shekarar, tsofaffin garin sun ce ko zamanin kakanmu ba ta yi shi ba. Mutum ya shiga ba a ganinsa. Wake ya bi ƙasa ya rufe ta. Masu tsokanar zauren shanu suka riƙa tsayawa bakin hanya suna tambayar wane iri muka shuka, Inna na ce musu irin taurin kai ne, ba a sayar da shi a kasuwa. A daminar ne ta koma yi masa faɗan gishiri, na ga tsoho na murmushi cikin kwanonsa.

Da girbi ya zo Baba ya je tasha ya sami direban da ke shiga Najeriya, ya ba shi saƙon baki: a gaya wa Yaya hatsi ya fi ƙarfin bayan ubansa. Bai ce ya yafe ba, bai ce a yafe masa ba. Yaya ya zo. Ya sauka daga mota bai shiga gida ba, ya wuce gona, ya tarar da mu cikin ɗauri. Ya tsaya yana kallon dammuna jere har bakin iyaka. Baba ya miƙa masa igiya ya ce, "Ka tsaya kallo? Ɗaure." Gaisuwarsu ke nan.

Aka cika rumbu, aka gina na biyu. Sannan Baba ya sa aka ware zakka. Mu da kowace kaka ake sallama a ajiye mana dame a bakin ƙofa, Inna ta karɓa tana sunkuyar da kai, yau daga gidanmu za ta fita. Baba Ƙarami ya ce a ara mana amalanke. Baba ya ce a'a, Yaya zai kai a ka. Da rana tsaka Yaya ya riƙa ɗaukar dame yana ratsa gari, gidan gwauruwa, gidan makaho, gidan marayu, ya dawo ya ɗauki wani. Inna ta tsaya ƙofar gida, ta dafe ƙugu, ta rangaɗa guɗa kamar ana kawo amarya. Ni kuka na yi, na daɗi, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Tun daga shekarar Kawun ruga bai fasa sauka gonarmu ba har ya rasu, 'ya'yansa suka ɗora. Sun yi suna a gidanmu, mun yi biki a rugarsu. Labarin ya bi burtali ya haura arewa, makiyayi na gaya wa makiyayi cewa akwai wuri a ƙasar Maijirgi inda za ka ajiye sanda ka sha fura ba wanda zai kira ka gaban maigari. Ba mu yi arziki ba, ba mu hau mota ba. Amma ba a sake dafa dusa a gidanmu ba.

Baba bai taɓa tayar da zancen ranar nan ba, mu ma ba mu tayar ba. Mun ɗauka shi dutse ne, abin da ya girgiza mu bai taɓa shi ba. Haka muka riƙa faɗa wa mutane, rabi yabo rabi ƙorafi.

Ciwon ajalinsa bai yi tsawo ba. Ana jibi zai rasu, da la'asar, muna zaune gabansa ni da Inna da Yaya, wanda shi ma yanzu furfura ta cika masa gemu. Yaya ya matsa ya kama hannunsa ya ce, "Baba, ka gahwarce ni. Geron burtali."

Baba ya buɗe ido ya ce, "Wane gero! Ban taɓa ganin shuka irin wannan ba. Kana da hannu." Ya huta, sannan ya ce, "Kun san abin da yak kai ni gona da sahen nan, har nir riga ku?"

Inna ta ce, "Shanu ka ji."

"Ban ji su ba. Wuƙar yankan hatsi na cikin aljihuna. Na dubi yarinyar nan da asuba, na ga ba ta iya ɗaga kai. Nic ce yau ni da hannuna za ni yanke shi, in ya so a rataya mini. Na kama zangarniyar hwarko ke nan, sai ga ƙurar shanu."

Inna ta daɗe tana kallonsa, mutumin da ta yi zaman aure da shi tun tana budurwa. Can ta ce, "Shekara nawa ka bar ni ina ce maka marar tausayi?"

Ya ce, "Gara hakan. Da kin sani, da kin karɓe wuƙar kin yanka."

Ta ce, "Wallahi da na yanka."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa ya dubi Yaya ya ce, "Kada ku ce ban ji yunwa ba. Na ji ta kamar kowa, har ta kai ni bakin gero. Allah ne yar riga ni."

Ya Allah, Kai da Ka riga shi a safiyar nan, Ka riga shi zuwa kabarinsa da rahamarKa. Ka yalwata masa shi, Ka sauƙaƙa masa tambaya, Ka tashe shi ranar tsayuwa da wuyansa wayam.